Wai nan da shekara goma Linux zai karɓe kwamfutocin Damagaram?

Ɗalibin jami'a, Sabon Gari: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: nan da shekara goma, yawancin kwamfutocin garin nan da Linux za su riƙa aiki, wato babbar manhajar nan ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Wa'adin kulawar da Microsoft ke yi wa Windows 10 ya cika tun 14 ga Oktoba 2025. Shi kuma Windows 11 sai kwamfuta tana da guntun tsaro na TPM 2.0, in injinta na Intel ne kuma sai zubi na takwas zuwa sama. Ku dubi na hannu da ake saro mana daga Kano, guda nawa suka cika sharaɗin? Ko dai mu zubar da su, ko mu sa musu Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, su ci gaba da aiki.

Mai gyara, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar hanya ta uku, kuma ita mutane za su bi: su ci gaba da abin da ke hannunsu. An daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, amma har gobe ana kawo mini shi a gyara, mai shi bai ma san an daina ba. Kuma kar wani ya ce mini Linux kyauta ne. Wa ka taɓa gani a kasuwar nan ya sayi lasisi? Kwafin da aka fasa ake zuba wa kowa. Wanda bai taɓa biya ba, ba za ka ja shi da kyauta ba.

Malamar lise, Birni: Malam, kwafin nan da aka fasa shi ne ciwon kaina. Yaro ya kai kile ɗinsa shagon buga takardu, ya dawo ya soka a kwamfutar lakwal, sai ka buɗe ka tarar duk dosiye sun ɓuya, sai gajerun alamomi da ba sa buɗe komai. Makin jarrabawar aji guda ya taɓa ɓace mana haka, sai da muka koma takarda muna kwafa da hannu har magariba. Da aka sa mana Linux a tsofaffin kwamfutocin ɗakin, wannan cutar ba ta sake kama su ba. Akwai ma wani zubi da ake kira Emmabuntüs, masu aikin sa kai a Faransa suka haɗa shi don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, an kuma yi aiki da shi a lakwal-lakwal na Togo. Muka ƙara Kiwix, yara na karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Ni wannan nake fata ga Mirya da Magarya da Tanut, inda forfe ya fi ƙarfin iyaye.

Mai shagon buga takardu, Zango: Malama, lakwal daban, neman abinci daban. Mutum zai zo mini da takardar neman aiki da ya tsara a Word, ƙarfe sha biyu ake rufe karɓa. Na buɗe a LibreOffice, madadin Word da ake aiki da shi a Linux, teburi ya goce, shafi biyu ya zama uku. Wa zai zaga? Ni. Katin biki da na suna kuwa a CorelDRAW da Photoshop muke yi, ba su da zubin Linux. Ga injin bugawa, wani da ka soka ya kama, wani sai ka kwana kana nema.

Ɗalibin jami'a: Alhaji, akwai Inkscape da GIMP, suna yin kati tsaf. Kuma ba wasan yara ba ne. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubun-dubatar kwamfutocinsu kan nasu zubin Ubuntu, wanda shi ma Linux ne. A 2024 jihar Shileswig-Holstain ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Tsohon ma'aikaci, Garin Malam: Ɗana, ka kawo misalai masu kyau, amma ka faɗi sauran. Birnin Munik ya shafe sama da shekara goma kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Duka ukun abu ɗaya suke nunawa: hukuma ce ta ɗauki abin, ta ware kuɗi, ta horar da ma'aikata, in kuma ta sauya ra'ayi abin ya juya. Na yi shekaru a biro, na san sakatare ba ya zaɓar abin da zai yi aiki da shi, abin da aka turo daga Yamai shi ne. Ranar da aka ce kowane biro ya karɓi takarda a PDF ko ODF, tsarin da LibreOffice ke adana takardu da shi, wanda ma'auni ne na duniya tun 2006, ranar kukan Alhaji zai ragu da rabi. Kuma ina da wani buri da ya fi wannan. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Manhajar da asalinta ke buɗe ga kowa, irin Linux, ba ma buƙatar izinin kowa mu fassara ta. Ina so kafin in mutu in ga jikata ta kunna kwamfuta ta ga "buɗe", "adana", "goge" da harshen da take magana da kakarta. Ɗaliban jami'ar André Salifou za su iya fara wannan aikin bana, in sun so.

Malamar lise: Amin, Baba. Sai dai allon rubutun Hausa da na samu a Linux bisa tsarin QWERTY na Najeriya yake, namu kuwa AZERTY ne. Yara na neman ƙ da ɗ da ƴ suna ruɗewa. Wannan ma gyaran namu ne.

Mai gyara: To ku ji inda na tsaya. Ni ba maƙiyin Linux ba ne. A aljihuna akwai kile mai Linux, in Windows ya ƙi tashi da shi nake kunna kwamfutar in kwashe wa mutum hotunansa da takardunsa kafin in goge. Kullum ina ganin amfaninsa. Kile ɗaya kuma, mai kusan giga 3 na Mint, zai zuba wa kwamfuta ɗari. Amma yarana uku a shago, ba wanda ya san abin da zai yi in sauti ya ɗauke ko wifi ya ƙi kamawa a Linux. Hajiyar da ta sayi kwamfuta don lissafin shagonta, in ta lalace wurina za ta zo, ba wurin Linus Torvalds da ya ƙirƙiro Linux ba. Sai masu gyara sun iya, sannan zan yarda da shekara gomarka. Matasan ma yanzu salula ce kwamfutarsu.

Ɗalibin jami'a: Salular ma Android ce, Yaya, zuciyarta Linux.

Mai gyara: Zuciyar kawai. Ka iya sauya abin da ke cikinta yadda kake yi wa Mint? Zancen kwamfutar teburi muke.

Mai shagon buga takardu: Mu bar gardama. Ɗana, ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar da kile ɗinka. Ka kunna Linux daga kansa ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, tunda an ce yana yiwuwa. In injina ya buga, katin suna ya fito da ƙ da ɗ daidai, takardar Word kuma ba ta goce ba, na ba ka kwamfuta ɗaya cikin ukun da nake da su ka sa mata. Sauran biyun suna nan yadda suke.

Ɗalibin jami'a: Na yarda, Alhaji. Ka turo mini lambar samfurin injin bugawar yau da dare, in sauko da abin da yake buƙata tun kafin in zo. Yaya, ka ba ni yaro ɗaya daga shagonka ya tsaya kusa da ni ya gani.

Mai gyara: Zan turo maka ƙaramin, ya fi su haƙuri.