Mai jego da maganin antibayotik: kowa ta faɗi yadda ta yi

Maman Sadiq, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana goma sha tara da haihuwa. Tun shekaranjiya nonona na hagu ya kumbura ya yi tauri, gefensa ya yi ja, ga zazzaɓi da rawar sanyi. Likita ya rubuta mini Ampiclox, ya ce in ci gaba da ba yaro nono. Na dawo gida Hajiyar maigidana ta ce sam, maganin bature zai bi nono ya shiga cikin jariri, a sayo madarar gwangwani kafin in gama sha. Ni kuma ba na iya musu da ita. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ta faɗa mini.

Anti Rabi, Daura: Wa alaikis salam. Ƙanwata kar ki cire shi daga nonon nan. Ni a haihuwata ta biyu na bi maganar tsofaffi, na daina bayar da wanda ke ciwo kwana uku. Ashe tsotson shi ne rabin maganin. Ruwan ya taru, ya zama ƙurji, sai da aka tsaga a asibiti aka fitar da mugunya, har yau tabon na nan. Ki fara ba shi ta mai ciwon, ki gasa da tsumma mai ɗumi kafin ya kama.

Maman 'yan biyu: Ni tiyata aka yi mini, allurar antibayotik har ta kwana uku, sannan Augmentin na mako guda. Yara biyu suna sha ba dare ba rana. Abin da na gani kawai, kashin Hassana ya ɗan yi ruwa, da na gama maganin ya daidaita.

Ummu Khairat, Rafin Daɗi: Nawa dai Flagyl ne, kuma ban ji daɗinsa ba. Bakina ya yi ta ɗaci kamar na lashi ƙarfe, yarinyar kuma ta kama nono ta saki tana kuka. Na koma aka ce mini yakan canza ɗanɗanon nono ga wasu, ba guba ba ne. Na riƙa ba ta nono tukuna sannan in haɗiye ƙwayar. Da kyar muka kai kwana biyar ɗin.

Sista Hauwa: Ungozoma ce ni, bari in ɗan tsaya a nan. Gaskiyar Hajiya a abu ɗaya: magani na bin nono. Amma abin da ke ratsawa na dangin penicillin, wato amoxicillin, Ampiclox, Augmentin, ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma irinsu ake ba jariran kansu idan ba su da lafiya. Haka cefuroxime da cephalexin. Abin da za ki sa wa ido shi ne gudawa, ƙuraje a jiki, ko farin abu a harshe da kumatu kamar guntun madara wanda ba ya gogewa. In kin gani ki kai shi a duba.

Inda nake jin tsoro shi ne wanda ake saya a kemis ba takarda. Chloramphenicol mai shayarwa ta nisance shi, yana iya taɓa ɓargon jariri. Septrin ma ba a son shi idan jariri bai kai wata ɗaya ba, ko bakwaini ne, ko yana da shawara, ko ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini), wanda ya fi yawa a 'ya'ya maza. Ja da yalo kuma, wato tetracycline, ba abin shan makonni ba ne ga mai goyo. Mata da yawa sai su aiki yaro kemis, ba wanda ya ce wa mai kemis matar jego take yi.

Maman Sadiq, ki shanye shi daidai kwanakin da aka rubuta, ko da kin ji sauƙi a rana ta uku. In bayan kwana biyu zazzaɓin bai sauka ba, ki koma.

Anti Rabi, Daura: Batun Hajiya kuwa, kar ki ja da ita ke kaɗai. Ki sa maigidan ya kai ku tare, ta ji daga bakin likita. Tsofaffi ba sa ƙin maganar mai farar riga, ta suruka ce ke musu nauyi.

Maman Sadiq, Ƙofar Marusa: Allah ya saka muku da alheri. Jiya Baban Sadiq ya ɗauke mu har Hajiya muka je asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa da ke Katsina. Sistar da ta duba ni ta ce mata, Mama ai jikanki ne zai warkar da uwarsa. Hajiya ta yi dariya ta ce to, amma kunun kanwa ba fashi. Zazzaɓin ya sauka, nonon ya ɗan saki. Madarar da aka riga aka sayo tana kan durowa ba a buɗe ba, ban san ko mai shagon zai karɓa ba.