Neman Shawara: An Ba Ni Aron Burbushin Halittu, Yaya Zan Koyar da Ɗalibaina?

Malamar ilimin halittu, Daura:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana malamai. Ina koyar da 'yan aji uku na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata a nan Daura, kuma a zango mai zuwa za mu shiga babin juyin halitta, wato yadda jinsin halittu ke sauyawa a tsawon zamani, wanda yake cikin manhaja, ake kuma yin tambayoyi a kansa a jarrabawar WAEC da NECO. Shekara shida ke nan ina koyar da wannan babi da alli da allo kawai, yara suna haddace sunan Lamarck da Darwin, masanan da suka yi fice a wannan fanni, alhali babu wadda ta taɓa ganin burbushin halitta, wato ragowar dabba ko tsiro na zamanin da wanda ya zama dutse, da idonta.

Bana wani malamin jami'a da ke kula da ɗakin adana duwatsu na sashensu ya yarda ya ba ni aron akwati guda na tsawon mako biyu. A ciki akwai kwanson amonait uku, wata dabbar teku ta zamanin da, waɗanda suke a naɗe kamar ƙahon rago, da haƙoran kifin teku biyu, da guntun itacen da ya zama dutse. Na yi murna ƙwarai, amma abu biyu sun hana ni sakewa. Ɗalibaina 74 ne a aji ɗaya, kayan kuma amana ne a hannuna, ban san yadda kowa za ta taɓa ba tare da an yi ɓarna ba. Sannan bara wata yarinya ta tambaye ni ko gaskiya ne mutum daga biri ya fito, na yi ta kame-kame, bayan kwana biyu mahaifinta ya zo makaranta ransa a ɓace. Ba na so in ɓoye wa yara ilimi, ba na kuma so in jefa su cikin ruɗani game da addininsu. Ku taimaka mini da shawara, Allah Ya saka da alheri.

Masanin duwatsu, Katsina:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki ɗauki akwatin, ki roƙi mai ba da aron ya rubuta miki inda aka samo kowane dutse da shekarunsa, domin burbushin da ba a san mahaifarsa ba ya yi asarar rabin darasinsa. Idan amonait ɗin nan daga Najeriya suke, akwai yiwuwar sun fito ne daga wajen haƙar dutsen siminti na Ashaka a jihar Gombe, inda ake samun su da yawa a cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 90.

Da wannan nake so ki buɗe darasin, ba da Darwin ba. Ki ɗora wa yarinya kwanson a tafin hannunta, ki gaya mata dabbar teku ce, sannan ki tambaye ta abin da ya kai dabbar teku Gombe, wurin da yake ɗaruruwan kilomitoci daga gaɓar teku. Ki bar su su yi ta gardama har su kai ga amsar da kansu, wato akwai zamanin da teku marar zurfi ya ratsa ta inda Sahara take a yau, ya malale wasu sassan ƙasarmu. Shaidar haka tana nan kusa da mu. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, kusa da Sakkwato, cike yake da kwanson halittun teku. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da damo, wadda aka fara bayaninta a 1930, daga baya a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus, da sunan garin. Yaran da suke jin sunan Goronyo saboda madatsar ruwa za su yi mamakin jin cewa sunan yana cikin littattafan kimiyya na duniya.

Akwai kuma abin lura da zai kai ki ga ainihin babin cikin sauƙi. Amonait sun ɓace daga duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da dainoso, wato ƙattin dabbobi masu kama da ƙadangare na zamanin da, don haka ba a samun su a duwatsun da suka kwanta bayan wannan lokaci, sai wasu halittun dabam. Duwatsu shimfiɗa-shimfiɗa suke, na ƙasa ya girmi na sama, kuma halittun da ke cikin kowace shimfiɗa sun bambanta da na wadda ke bisanta. Wannan abu ne da ake gani da ido, ba ra'ayin kowa ba ne.

Za su tambaye ki dalilin da ya sa ba a tsintar irin wannan a gonakinsu. Yawancin jihar Katsina tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, irin fā da ake gani a wajen Dutsin-Ma, waɗanda suka samu daga narkakken dutse ko suka gasu a cikin ƙasa, kuma babu ƙashin da zai tsira a irin wannan zafi. Burbushi yana samuwa ne inda laka ko yashi ya binne gawa da wuri, sannan ma'adinan da ruwa ke ɗauke da su suka cike ƙofofin ƙashin sannu a hankali. Kada ki manta da maƙwabtanmu na Nijar, tunda Daura a bakin iyaka take. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, aka samo Nigersaurus, dainoso mai cin ganye da ke da haƙora sama da 500, wanda aka raɗa wa suna a 1999, da kuma ƙaton kada Sarcosuchus mai tsawon mita tara ko fiye. Ki auna mita tara da igiya a filin makaranta, yara su jeru a gefenta.

Ma'aikaciyar gidan tarihi, Katsina:

'Yar'uwa, kada ki bari dutse ya riƙa yawo daga benci zuwa benci, domin a nan ake faɗuwa, a nan kuma ake ɓata. Ki jera tebura shida, ki shimfiɗa tawul ko tsohon bargo a kan kowanne, ki ajiye abu ɗaya a cikin faranti, yara su riƙa zuwa rukuni-rukuni, duk wadda za ta ɗauka ta ɗauka da hannu biyu a saman teburin. Ki ɗauki hoton kowane abu da wayarki ranar karɓa, ku sa hannu a takarda ke da mai shi, ki ƙirga kafin darasi da bayansa. Kada a wanke da ruwa, kada a ɓanɓare lambar da ke jiki, idan kuma wani ya fashe kada ki liƙe shi da gam, ki tattara gutsattsarin ki faɗi gaskiya. Haƙoran nan biyu su ne masu saurin shiga aljihu, gara ki sa kowanne a cikin ƙaramar kwalba mai murfi.

Tunda kayan aro ba ya rufe katara, ki danna amonait ɗin a cikin yumɓu mai laushi bayan kin lulluɓe shi da siririyar leda, idan mai shi ya yarda, ki zuba kwaɓaɓɓiyar filastar da ake yin silin da ita a gurbin. Haka makarantarku za ta mallaki kwafinta. Ki kuma bambance wa yara tsakanin burbushin halittu da kayan tarihi irin waɗanda aka tono a Durɓi ta Kusheyi, domin waɗancan aikin hannun mutane ne na ƙarnoni kaɗan da suka wuce, yara kuwa sukan haɗa su a kwando ɗaya.

Malamin firamare, Mai'aduwa:

Ni a ganina, Malama, ki nuna musu duwatsun, ki ba su bayanin juyin halitta su haddace don jarrabawa, ki ce musu ba sai sun yarda da shi ba. Haka na ga ana yi, kuma an zauna lafiya.

Tsohon shugaban makaranta, Daura:

Ɗana na Mai'aduwa, na fahimci nufinka na neman zaman lafiya, amma ban goyi bayan wannan hanya ba, domin tana koya wa yaro ya rubuta abin da bai fahimta ba, kuma ya ɗauka cewa ilimi da imani abokan gaba ne. 'Yata Malama, laifin bara shi ne mahaifin ya ji labari daga bakin yarinya kafin ya ji daga naki. Ki sanar da shugabar makaranta tun yanzu, ki zauna da malamin addinin Musulunci na makarantarku ki nuna masa abin da za ki koyar, idan da hali ki gayyace shi ya shigo ajin, ki kuma ware wata yamma iyaye su zo su ga duwatsun. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta. Al-Biruni, malamin Musulunci da ya rayu kimanin shekara dubu da suka wuce, ya ga kwanson halittun ruwa a busasshiyar ƙasa, ya kuma yanke cewa wurin a da teku ne.

Idan tambayar biri ta sake tasowa, kada ki guje mata. Ki faɗi abin da masana kimiyya suka ce daidai yadda suka faɗa, wato ba su ce mutum ya fito daga biran da muke gani yau ba, cewa suka yi akwai tushe ɗaya mai nisa, suna kafa hujja da ƙasusuwa da ƙwayoyin gado. Sannan ki gaya musu a sarari cewa halittar Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, batu ne na aƙida wanda malamin addini ya fi ki cancantar yin bayaninsa, kuma ke ma Musulma ce mai imani da shi. Yara suna gane malamin da yake gaya musu gaskiya.

Mai harhaɗa magunguna, Katsina:

Baba ya gama magana, ƙari kaɗan zan yi. Anti, ki kawo musu misalin da iyayensu suka shaida. Kulorokwin ya daɗe yana maganin zazzaɓin cizon sauro, amma a cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da maganin ba ya kashewa, su ne suka rayu suka hayayyafa har suka rinjayi sauran, shi ya sa a 2005 Najeriya ta koma ga wani haɗin magungunan zazzaɓin da ake kira ACT. Haka manomi yake ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye don iri, gero kuwa asalinsa ciyawar daji ce da mutanen Sahel suka yi ta zaɓe tsawon dubban shekaru. Idan yarinya ta gane waɗannan biyu, ta gane yadda zaɓi yake sauya jinsi.

Malamar ilimin halittu, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Na kira mai ba da aron, ya tabbatar mini cewa amonait biyu daga Ashaka suke, na ukun kuma zai duba rajistarsu, ya kuma yarda a yi kwafin ɗaya kawai, wanda ya fi ƙwari. Malamin addininmu ya ce in kawo masa bayanan darasin ranar Litinin ya karanta tukuna. Saura tambaya ɗaya ga 'yar'uwata ta gidan tarihi: awo nawa na ruwa ake zuba wa awo ɗaya na filasta, kuma sa'a nawa za mu jira kafin mu cire kwafin daga yumɓu?