Google ya ƙi buɗewa a wifin gidanmu, alhali WhatsApp na tafiya

Uwar ɗaliba, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Muna da ɗan akwatin wifi a gida, irin mai eriya biyu da ake sa wa layi a ciki. Yau kwana uku ke nan Google ya ƙi buɗewa. Ɗiyata tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, saura mako biyu ta kai wa malaminta rubutun kammala karatu. Jiya bayan isha'i na iske ta zaune kan tabarma a tsakar gida, kwamfuta bisa cinya, 'yar da'irar nan tana ta juyawa, can sai farin shafi ya fito wai ba a iya isa wurin. Idonta har ya kawo ruwa. Fitilun akwatin duk a kunne suke, rezo cike. WhatsApp da Facebook lafiya lau, ko da safen nan na yi kiran bidiyo da ƙanena da ke Damagaram. Kuma in ta kai kwamfutar gidan ƙawarta, nan take Google ke buɗewa. Mun kashe akwatin mun kunna ya fi sau biyar. Lalacewa ya yi ne, in nemi sabo?

Mai gyaran salula, babbar kasuwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayi komai tukuna, akwatin da ya mutu ba ya kiran bidiyo. Fara gaya mana: kwamfutar ce kaɗai, ko har salulolin gidan ba su buɗe Google in suna kan wifin?

Uwar ɗaliba:
Duka ne, Malam. Tawa da ta maigidan da ta yaran.

Wani malamin makaranta, unguwar Ali Dan Sofo:
Hajiya, a duba kwanan wata da agogon kwamfutar. Tawa ta taɓa komawa shekarun baya saboda ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikinta, CR2032, ya mutu. Google ba ya buɗewa in kwanan wata ya kauce, domin kwamfutar sai ta ga kamar takardar shaidar tsaron shafin ba ta da inganci.

Mai gyaran salula:
Gaskiya ne Malam, yana faruwa sosai. Sai dai da agogo ne, da a gidan ƙawar ma ba zai buɗe ba, kuma salula uku ba su ɓata agogo rana ɗaya. Ciwon yana tsakanin akwatin da layin da ke cikinsa.

Hajiya, ki ba ɗiyarki wannan gwajin, minti biyu ne. Ta bar Google, ta rubuta adireshin wani shafi kai tsaye a layin sama, misali bbc.com/hausa. Da yawanmu komai ta ƙofar Google muke shiga, shi ya sa in duk shafuka suka rufe sai mu ce Google ne ya ƙi. In wannan ma bai buɗe ba, ta rubuta 1.1.1.1 kawai, lambobin da ɗigo a tsakaninsu.

In wannan lambar ta buɗe shafi, to matsalar DNS ce. DNS kamar jerin sunaye ne a salula: kina latsa suna, shi kuma ya nemo lambar da ke bayansa. In ya ƙi aiki, intanet na nan amma sunaye ba su kai ki ko'ina. Maganinsa a shiga saitin wifi na kwamfutar a sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4, waɗanda na Google ne, ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Ana iya sa su a cikin akwatin ma don duk gida ya amfana. Adireshin shigarsa da kalmar sirri suna jikin 'yar takardar da aka manna a ƙasansa, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.8.1.

In kuwa lambar ma ba ta buɗe ba, ina da wani zargin.

Wata ɗaliba 'yar Bagalam:
Inna, ki tambaye ta ko akwai VPN a kunne, wato manhajar nan mai bi da intanet ta wata hanya daban, ta kashe. Kuma don Allah kada wani ya soka tsinke a ɗan ramin bayan akwatin, yana goge duk saitin ne, har sunan wifi da kalmar sirrin da kuka sa.

Uwar ɗaliba:
Babu VPN, 'yata. Ta gwada duka biyun, shafin BBC bai buɗe ba, lambar ma haka.

Mai gyaran salula:
To Hajiya, wa ya sayi forfen wannan watan, wato datar da aka sa wa layin, kuma nawa aka ba shi? Akwai forfen da na dandalin zumunta ne kaɗai, WhatsApp da Facebook. Ya fi araha, kuma a jerin zaɓi yana kusa da na intanet gaba ɗaya, yatsa na iya kaucewa. Ki zare layin daga akwatin bayan kin kashe shi, ki sa a salula, ki latsa lambar duba saura. Saƙon zai faɗi irin forfen da ke kai.

Uwar ɗaliba:
Allahu akbar, Malam ka gano shi. Maigidan ne ke saye kullum, wannan karon ya yi tafiya Yamai sai na ba autana jika biyar. Yanzu na tambaye shi, ya ce ya ga wani mai megas da yawa a kuɗi kaɗan, ya ɗauka ya yi mini tsimi, har canji ya kawo mini ina ta sa masa albarka. Saƙon ya nuna na dandalin zumunta ne. Na aika an sa na gaba ɗaya, mun mayar da layin, kafin in ajiye salular yarinyar ta ƙwala mini kira daga ɗaki cewa ya buɗe. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'a albarka.

Mai gyaran salula:
Amin Hajiya. Ta adana rubutun nata a kilen USB ko ta aika wa kanta ta imel kowane dare har ta miƙa shi. Allah ya ba ta sa'a.