Tambaya: shin awon DNA na cikin ruwa zai iya maye gurbin jefa taru wajen sanin kifayen da ke tafki?

Ɗalibar_Muhalli ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ana ta yayata hanyar nan da ake kira eDNA, wato a ɗebi ruwan tafki ko kogi a tace, a duba DNA ɗin da halittu suka zubar a ciki, sai a ce ga kifaye da kwaɗin da ke wurin ba tare da an kama ko ɗaya ba. Ruwa nawa ake ɗiba, kuma da wace irin matata? In sakamako ya ce akwai, ta yaya za a san ba gurɓacewar samfur ba ce? In ya ce babu fa, a yarda? Sannan yawan DNA yana nuna yawan kifi? Don Allah mai sani ya warware mana dalla-dalla.

Mai_Tace_Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in ɗauki ɓangaren bakin ruwa, don a nan ne yawancin aiki ke lalacewa tun kafin ya kai ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ake farauta shi ne majinar jikin kifi, kashi, fitsari, ɓarɓashin fata da ƙwai. Mafi yawan DNA ɗin yana cikin ƙwayoyin halitta da gutsattsarinsu ne da ke yawo a ruwa, masu girman maikiron 1 zuwa 10 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Shi ya sa tacewa ke aiki. Binciken farko da ya yi suna, wanda Ficetola da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 kan burduddugin Amurka da ya mamaye wasu kududdufai a Faransa, mililita 15 kacal na ruwa suka riƙa ɗiba a kowane samfur. Yanzu an fi ɗibar lita 1 zuwa 2 a ruwan daɗi, a teku kuwa har fiye, saboda DNA ya fi tsarma a can.

Matata iri biyu aka fi amfani da su. Akwai buɗaɗɗiya, faifai mai faɗin milimita 47 da ake ɗorawa a kofin tacewa a ja ruwa da famfo. Akwai rufaffiya irin Sterivex, mai ramuka maikiron 0.22 ko 0.45, wadda ake tura mata ruwa da babban sirinji na mililita 50 ko 60. Rufaffiyar ta fi tsaro, hannu ba ya taɓa fuskarta, iska ma ba ta taɓa ta. Illarta ita ce saurin toshewa. A ruwa mai laka, kafin a kai mililita 200 sai ki ji sirinjin ya ƙi motsi. Kada a matsa da ƙarfi, fatar matatar na iya fashewa komai ya wuce. A rubuta adadin da ya shiga, a ɗauko sabuwa.

Dokokin da ba a wasa da su:

Safar hannu sabuwa a kowane wuri. A ɗebi ruwa daga sama da inda aka tsaya, ana fuskantar inda ruwa ke fitowa, kafin a shiga a tayar da laka. Duk kayan da za a sake amfani da su, guga ne ko takalmin ruwa ko bututu, a jiƙa su a bilic, wato ruwan wanki mai kulorin, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, aƙalla minti 10, wasu ma rabi da rabi suke haɗawa. Sannan a ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta, domin bilic ɗin da ya rage zai cinye DNA ɗin samfur na gaba. Mutane da yawa na goge kaya da itanol, wato sifirit, su ɗauka sun tsabtace. Itanol yana kashe ƙwayoyin cuta, amma DNA adana shi yake yi.

Sai kwalbar shaida. A zo da lita ɗaya ta tataccen ruwa daga ɗakin gwaji, a buɗe ta a bakin ruwa, a tace ta da irin kayan da aka tace sauran, a bi da ita duk matakan har ƙarshe. In aka ga DNA na kifi a cikinta, samfuran ranar duka sun shiga zargi. Aikin da babu kwalbar shaida, ni dai ba na karanta sakamakonsa da muhimmanci, komai kyan jadawalinsa.

Na_Ɗakin_Gwaji ya amsa:

Malam ya gama da bakin ruwa, to ga abin da ke biyo baya.

Hanya biyu ce, kuma tambayar da ake son amsawa ce ke zaɓa. In jinsi ɗaya ake nema, ana amfani da qPCR, wato nau'in PCR (hanyar ninka guntun DNA sau da yawa) da ke kuma auna yawansa, da firaima (ɗan guntun DNA mai nemo abin da za a ninka) da aka ƙera don jinsin nan kaɗai. Ta fi kaifi, ta fi sauri. Da irin wannan neman jinsi guda aka riƙa bin sawun kifin kaf na Asiya a magudanan ruwan Shikago, don fargabar kada ya shiga manyan tafkunan Amurka, aikin da Jerde da abokansa suka wallafa a 2011. In kuwa jerin duk kifayen wurin ake so, sai a yi amfani da firaima na gama-gari, a ninka guntun DNA na kowa da kowa, a zuba a na'urar karanta jeri. Wanda ya fi shahara ga kifi shi ne MiFish na Masaki Miya, 2015, mai kama guntun wani sashen DNA da ake kira 12S, mai tsawon harafin DNA wajen 170. Da suka gwada shi a gidan kifin Curaumi da ke Okinawa ta Japan, inda an san abin da ke cikin tankunan, ya gano jinsi 168 cikin 180.

A lura da gajartar guntun. Lambar shaidar halittu da aka saba, wato sashen DNA mai suna COI da Paul Hebert ya gabatar a 2003, harafi wajen 650 ce. DNA na ruwa ya riga ya kakkarye, dogon guntu ba ya samuwa da yawa. Sakamakon haka, jinsuna biyu 'yan gida ɗaya na iya zama da jeri iri ɗaya sak a wannan ɗan guntun, sai dai a tsaya a sunan dangi.

"Babu" na ƙarya yana da tushe uku a ɗakin gwaji. Na farko sinadaran ruɓaɓɓen ganye da laka, waɗanda ke bin DNA wajen hako shi daga matata su danne aikin PCR. Ruwa mai launin shayi ya fi kawo wannan. Maganinsa a saka sanannen DNA na gwaji a kowane bututu; in shi ma ya makara wajen fitowa ko bai fito ba, an san akwai dannewa. Sai a tsarma samfurin sau 5 ko sau 10, ko a bi da shi ta matatar cire sinadaran, ko a ƙara BSA, wani furotin da ke rage dannewar. Tsarmawa tana da tsada ta wani gefen, domin DNA ɗin da ake nema ma ya tsarmu. Na biyu, firaima yana da son kai: yana kama wasu jinsuna da kyau, wasu da ƙyar. Na uku kuma shi ne babba a wurare masu zafi: rumbun bayanai. In ba a taɓa karanta jerin wani kifi an saka a GenBank ko BOLD ba, na'ura za ta fito da jerinsa amma babu suna, ko ta liƙa masa sunan ɗan'uwansa na wata nahiya. Gyaran wannan sai an kama kifin, masani ya tantance shi, an yanki ɗan fiffikensa an karanta. Wato dai taru bai yi ritaya ba.

"Akwai" na ƙarya kuwa, babban mai laifi shi ne abin da PCR ta riga ta ninka. Bututu ɗaya na ɗauke da kwafi biliyoyi, ɗigon da ido ba ya gani ya isa ya ɓata aikin wata guda. Don haka ɗakin hako DNA daban, ɗakin bayan PCR daban, riga daban, bututun awo daban, kuma wanda ya shiga na biyun ba ya komawa na farko a ranar.

Mai_Nazarin_Koguna ta amsa:

Ina da ɗan ja da Malam Mai_Tace_Ruwa kan matata. Ƙananan ramuka ba kullum suka fi ba. A ruwa mai laka, matatar zaren gilashi mai ramuka maikiron 1.2 ko 1.5 da ta tace lita 2 takan tara DNA na kifi fiye da ta 0.22 da ta toshe a kwata lita. Abin da ya zube ta ramukan bai kai abin da aka samu ta yawan ruwa ba. Muhimmin abu shi ne kada a sauya nau'in matata a tsakiyar bincike, in ba haka ba ba za a iya kwatanta wuri da wuri ba.

Amma abin da na fi so 'yar'uwa ta riƙe shi ne ma'anar sakamakon. Gwajin yana cewa ne DNA na wannan jinsin yana cikin wannan kwalbar. Daga nan zuwa "kifin yana zaune a nan da ransa" akwai tafiya.

Ɗauki wuri. Deiner da Altermatt sun auna a kogin Glatt na Suwizalan a 2014, suka sami DNA na wasu halittu biyu da tafkin Greifensee kaɗai suke zaune, a nisan kilomita 9 zuwa 12 ƙasa da tafkin. A babban kogi irin Rhône da ke ratsa Faransa an ƙiyasta tafiyar ta wuce kilomita 100. Saboda haka samfurin kogi labarin abin da ke sama yake bayarwa. A tafki marar gudu kuwa akasin haka ne: DNA ba ya bazuwa sosai, ana iya samunsa a wannan lungu a rasa shi a mita 50 gaba. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar Natural England ta amince da ita a 2014, don neman wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare da doka ke karewa a Birtaniya, ta ce a ɗebi mililita 30 a wurare 20 kewaye da kududdufi, a haɗe a jaka ɗaya, a raba mililita 15 a kowane ɗaya daga bututu 6 masu itanol, a yi qPCR sau 12. Kuma sai tsakanin 15 ga Afrilu da 30 ga Yuni, lokacin da dabbar ke cikin ruwa tana hayayyafa. A wajen wannan lokacin, "babu" ba hujja ba ce.

Ɗauki lokaci. A cikin ruwa DNA yakan ɓace cikin kwanaki zuwa 'yan makonni bayan an cire dabbar, kuma zafi da ƙwayoyin bakteriya suna gaggauta hakan. A laka kuwa yana daɗewa watanni, a daskararriyar ƙasa har abin ya wuce hankali: a 2022 an wallafa gano DNA mai shekara miliyan 2 a arewacin Girinlan, har da na wata dabba dangin giwa da ta ƙare. Wannan ne dalilin hana tayar da laka. Sannan mushen kifi yana zubar da DNA, kashin tsuntsun da ya ci kifi a wani tafki ma haka, ruwan wankin kifi daga gidaje ma haka. Duk jerin da ya fito da kifin teku a ƙoramar tudu, a fara duba magudanar da ke zuba a ciki.

Kan "babu", lissafi ne mai sauƙi. A ce kifin yana nan, kuma damar kama DNA ɗinsa a samfur ɗaya kashi 50 cikin 100 ce. Samfur 5 za su kai damar wajen kashi 97. In damar kashi 30 ce, sai an yi samfur 9 kafin a kai kashi 96. Kwalba ɗaya daga tafki ɗaya ba ta isa a ce komai ba.

Yawan kifi kuwa, a tanki dangantakarsa da yawan DNA tana fitowa da kyau, a daji tana raunana. Ƙananan kifaye sun fi zubar da DNA in aka auna da nauyin jikinsu, lokacin zuba ƙwai adadin yana tashi sama ƙwarai, zafin ruwa yana sauya zubarwa da ruɓewa duka biyun. Ana iya cewa wuri kaza ya fi wuri kaza, in an auna su lokaci ɗaya da hanya ɗaya. Amma girman kifi, shekarunsa, mace ne ko namiji, lafiyarsa, duk waɗannan sai an riƙe shi a hannu.

Ɗalibar_Muhalli ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, malamai. Saura ɗaya: in wurin aikin yana da nisa, babu firiza na kwanaki, yaya ake adana samfurin?

Mai_Tace_Ruwa ya amsa:

Na karɓi gyaran Malama kan ruwa mai laka, haka ne.

Kada a adana ruwa, a adana matata. Ruwan da ba a tace ba yana asarar DNA tun daga awannin farko. In dole ne a ɗauke shi, a sa a ƙanƙara cikin duhu, a tace kafin awa 24. Mafi kyau a tace a wurin. Bayan an gama, a tura iska da sirinji sau biyu ko uku har ruwan da ya rage ya fita, sannan a zaɓi ɗaya: a cika da ruwan adanawa na Longmire, wanda ke riƙe DNA makonni ba tare da sanyi ba, ko itanol mai ƙarfin kashi 95 zuwa sama, ko a busar da faifan a jaka mai ƙwayoyin silika masu shanye danshi. Itanol yana tsarmuwa in matatar na jiƙe, kuma jiragen sama suna da ƙa'ida a kansa don yana kama wuta. Longmire kuma yana yin farin gudaji in ya ji sanyi, sai a ɗan ɗumama shi ya narke kafin hakowa. Da an isa ɗakin gwaji, firiza mai awo 20 ƙasa da sifili, kuma a guji narkarwa da sake daskarewa.

A jikin kowace matata a rubuta wuri, rana, awa da mililitan da suka shiga, da alƙalamin da itanol ba ya gogewa. A littafi kuma zafin ruwa, kaurin laka, da ko an yi ruwan sama kwanan nan.

Na_Ɗakin_Gwaji ya ƙara:

Abu ɗaya da ya kamata a saka a takardar neman izinin bincike tun farko: matatar tana kama DNA na mutane ma. Masu bincike a Jami'ar Fulorida sun nuna a 2023 cewa samfuran ruwa, yashi da iska na ɗauke da DNA na ɗan'adam mai ingancin da za a iya karanta bayanan gado daga ciki. Da firaima na kifi matsalar kaɗan ce, amma in za a karanta duk abin da ke cikin samfur ne, a cire jerin ɗan'adam kafin a ɗora bayanan a rumbun da kowa ke iya shiga.