Mu tsallake babukan bayanin kifin nan ko mu daure?

Ɗan Kujerar Baya: Salamu alaikum 'yan aji. Ni fa yau sai na faɗa ko da za a ji haushina, rabin littafin Moby-Dick ɗin nan ciko ne kawai. Babi 135, kifin da littafin ya ci sunansa sai a babi ukun ƙarshe zai fito fili, shi kansa Kyaftin Ahab sai babi na 28 muka sa shi a ido, jiya kuma na kwana a babi na 32 ana ta jero min ire-iren kifin wel kamar mai shirin jarabawar bayoloji. Mu tsallake irinsu mu bi labari kawai.

Anti Malama: Haba ƙanena, gaggawar me kake? Herman Melville, marubucin littafin, fa ba a ɗaki ya zauna ya ƙago ba, a 1841 ya hau jirgin farautar wel mai suna Acushnet, sai da ya yi wata 18 a teku sannan ya gudu a tsibiran Markesas. A zamanin da man wel ake kunna fitila, rijiyar fetur ta Pensilbaniya sai 1859 aka haƙa ta, littafin kuwa 1851 ya fito. In ka cire babukan fiɗar kifi da narka kitse a kan jirgi ta yaya za ka gane rigimar Starbuck, mataimakin kyaftin, da Ahab? Shi Starbuck gangunan mai ya fito nema a kai kasuwar Nantucket, tsibirin da jirginsu ya taso, a sayar kowa ya samu rabonsa, shi kuma oga ya ɗauki jirgin mutane da rayukan mutane ya tafi ramuwar gayya a kan dabbar da ta cire masa ƙafa. Sai ka san wahalar da ake sha kafin a cika ganga ɗaya za ka ga girman ɓarnar.

Ɗan Kujerar Baya: Naji Anti, amma bayanin ma ai ba daidai bane, Ishmael mai ba da labarin ya kafe wai wel kifi ne alhali da huhu yake numfashi kuma shayarwa yake.

Mai Kemis: Malam sake duba babin, ya sani sarai. Shi da bakinsa ya kawo hujjar Linnaeus, masanin rabe-raben halittu da ya ce wel ba kifi ba ne, sannan ya yi watsi da ita ya ce Annabi Yunus (AS) ne shaidarsa, ya kuma raba kifayen bisa girman littattafai, manya da matsakaita da ƙanana. Tsokanar masana yake, ni dariya ma na dinga yi.

Autar Aji: Ni ba wannan ne ya tsaya min a rai ba, babi na 17 ne da Ishmael ya kira azumin abokinsa Queequeg Ramadan, mutum ya ɗora gunki a ka ya wuni tsugune ina ruwansa da Ramadan??

Anti Malama: Auta riƙe wannan, zama guda za mu ware masa don maganar tana da tsawo.

Ɗan Kujerar Baya: To ai ba ni na fara gajiya ba, mutanen zamanin Melville ma basu saya ba, har ya rasu a 1891 littafin bai yi kasuwa ba, aikin kwastan ya koma yi a New York shekara 19.

Mai Kemis: Gaskiya ne, amma bugun Landan ya fito babu shafin ƙarshe da Ishmael ya tsira a kan akwatin gawa, masu sharhi suka yi ta tambaya wa ya ba da labarin in kowa ya nutse. Shafi ɗaya kenan fa aka cire, kai kuma kana so mu zubar da babi nawa.

Ɗan Kujerar Baya: Wancan labari ne, wannan lissafin kifi ne, ba ɗaya ba wallahi.

Anti Malama: Shikenan, ran Asabar za mu tsaya a babi na 42, kai za ka gabatar mana da na 32, in ka gamsar da aji sai mu kaɗa ƙuri'a.

Ɗan Kujerar Baya: Anti wannan ai horo ne ba adalci ba.