Wasan kofi na Laraba: a fito da manya ko a adana su don Lahadi?

Ɗan Rigasa:
Jama'a, zan faɗi abin da kowa yake gudun faɗi, wanda zai ji haushi ya ji. Wasan kofin ƙalubalen nan na ranar Laraba a Abuja ba na ƙungiyarmu ta Kaduna ba ne. Muna can ƙasan teburi a rukuninmu, ranar Lahadi kuma muna da wasan lig a gida da ƙungiyar da ke samanmu daf. In suka cinye mu ranar Lahadi, ƙafarmu ɗaya ta shiga gasar 'yan dagaji. Amma sai ga mutane suna ta matsa wa koci lamba wai ya fito da sha ɗayan farko gaba ɗaya, su kara da ƙungiyar firimiyar Najeriya, a filin roba, ƙarfe huɗu na yamma cikin wannan zafin. Tsakanin wasan Laraba da na Lahadi kwana uku ne cikakku, ɗaya kuma hanya za ta cinye shi. 'Yan wasan da za a iya dogara da su ba su kai a raba gida biyu ba. Mu ƙaramar ƙungiya ce, mu san matsayinmu. A zuba yaran benci ranar Laraba, a adana lamba tara da lamba shida da kyaftin. Tun safe ake magana a zauren nan ba wanda ya taɓo wannan, to yanzu ku tanka.

Baba na Unguwar Shanu:
Yaro, janye kalmar nan tukuna kafin a yi maganar Laraba. Ƙarama? Babu ƙungiyar da za ta ɗauki sunan garin nan ta shiga fili a kira ta ƙarama. Garin da Ranchers Bees ta fito ta kai wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1988, ta kara da Bizerte ta Tunisiya. Shekara ta zagayo, 1989, ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. Daniel Amokachi a nan ya fara taka leda kafin Beljiyam ta san shi. Duk wanda ya sa riga a Kaduna wannan gadon yake ɗauke da shi, ko a wane rukuni yake.

Ɗan Rigasa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban zagi gari ba. Ƙungiyarmu ta bana nake nufi, mai 'yan wasan da ba su cika benci ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Abban Kawo:
Baba, tunda tarihin kofi aka buɗe, a faɗe shi daidai. Bees ɗinku ba ta taɓa ɗaga kofin ƙalubale na Najeriya ba. Ta je wasan ƙarshe a 1987, Abiola Babes ta doke ta, saboda haka ba a matsayin masu kofi suka shiga gasar Afirka ta 1988 ba. Wadda ta kawo kofin nan Kaduna ita ce Kaduna United, a 2010, Maurice Cooreman yana koci. An tashi 3-3 da Enyimba, aka je fenariti, United ta ɗauke. Enyimbar da ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. A 2011 kuma United ta kai matakin rukuni a kofin Confederation na Afirka. In ana neman hujjar cewa Kaduna ba ƙarama ba ce a kofi, ga ta nan, ba a wurin Bees take ba.

Baba na Unguwar Shanu:
Abba, ƙungiyar da gwamnati ta haifa jiya ce za ka haɗa da wadda jama'a suka raina tun tana DIC Bees? Kofi ɗaya ne fa kuka ci. Je ka tambayi duk dattijon da ke Tudun Wada wace ƙungiya ce take cika fili ba tare da an ɗebo mutane a mota ba.

Abban Kawo:
Kofi ɗaya ya fi babu, ranka ya daɗe. A kabad ake ajiye kofi, cikar fili ba a ajiye ta a ko'ina.

Koci Mai Usur:
'Yan'uwa, a dawo kan Laraba. Ni ba na tare da masu cewa a zuba yara gaba ɗaya, ba na kuma tare da masu cewa a fito da kowa. Dokar yanzu ta ba koci canji biyar, a tsayawa uku, ban da hutun rabin lokaci. Wannan kaɗai ya isa a raba nauyin. A fara da gola na ɗaya da 'yan baya biyu na tsakiya da aka saba da su, don wurin nan ba a gwaji a cikinsa. Lamba shida ya yi minti sittin ya fito. Lamba tara ya zauna, ya shiga minti talatin na ƙarshe in wasa yana nan a buɗe.

Tsari kuma huɗu a baya, biyar a tsakiya, ɗaya a gaba. Tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya kada ta wuce taku goma zuwa sha biyar. Abin da ke kashe mu a wasannin lig ke nan: 'yan tsakiya su bi ƙwallo su hau, 'yan baya su tsaya don tsoron gudu, sai a bar fili a tsakani, lamba goma na abokan hamayya ya karɓa ya juya fuskarsa na kallon raga ba mai taɓa shi. Ƙungiyar firimiya ba za ta yafe wannan ba. Na biyu, ɗan bayanmu na hagu yana son hawa amma dawowa na yi masa wuya. Ranar Laraba a hana shi tsallake tsakiyar fili sai in lamba sha ɗaya ya koma ya tsare masa gurbi. Na uku, bugun kwana. Muna tsaron mutum da mutum, kowa ya riƙe nasa, sai su toshe ɗaya daga cikin namu da jiki, nasu ya zame zuwa turken kusa ya sa kai. Maganinsa a ajiye mutum ɗaya mai tsawo a gefen ƙaramin akwati ta wajen turken kusa, ba ya tsaron kowa, aikinsa ya fara taɓa ƙwallon. Wani kuma ya tsaya bakin babban akwati don wadda za ta faɗo.

In Allah ya sa aka kai fenariti, a tuna waɗanda ke cikin fili lokacin da alƙalin wasa ya busa tashi su kaɗai ne za su buga. Kada a cire masu bugu uku a minti na tamanin sannan a zo ana neman wanda zai ɗauki ƙwallo. A rubuta biyar ɗin farko da jerinsu tun ranar Talata, a gwada su a ƙarshen atisaye lokacin da ƙafa ta gaji. Gola kuma ya bar aƙalla ƙafa ɗaya a kan layi har a buga, in ba haka ba ko ya kaɗe za a sake.

Baba na Unguwar Shanu:
Koci, ɗan gaba ɗaya? Tsarin tsoro ne wannan. Tsarin wanda ya riga ya yarda shi ƙarami ne. Da kai da yaron Rigasa duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Koci Mai Usur:
Baba, ban ce ƙarama ba, ban ce babba ba. Tazarar layuka nake magana.

Bakanon Kakuri:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ma a garin nan nake biyan haya. Ɗan Rigasa bai yi ƙarya ba. Babbar ƙungiya ita ce wadda take firimiya yanzu, ba wadda kakanninta suka yi ba. Kofin ƙarshe da aka ɗaga a filin Ahmadu Bello kuna kallo, wa ya ɗaga? Kano Pillars, 2019, ta doke Niger Tornadoes a fenariti bayan an tashi ba ci. A gidanku. Sai Masu Gida.

Abban Kawo:
Malam, ka tsallake shekara ɗaya. A 2018 a Asaba kuna gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka ukun ta ɗauke kofin a fenariti. Kuma kafin 2019 ɗin nan Pillars ba ta taɓa cin kofin ba, United ta riga ku da shekara tara. Aron filinmu kuka yi.

Bakanon Kakuri:
Lig huɗu muke da shi: 2008, sai 2012, 2013, 2014 a jere. Kawo na Kaduna ko ɗaya mu gani.

Abban Kawo:
Maganar kofi ake, ka gudu lig.

Maman Walid:
Yayyena, duk kun bar abin da zai yanke hukuncin wasannin biyu, wato jikin yaran nan. Filin roba da yamma ya fi ciyawa zafi nesa ba kusa ba, zafin ta tafin ƙafa yake shiga. Wanda ya sa takalmi mai dogon ƙarfe a kansa, ƙafar za ta kafe jiki ya juya, gwiwa ko idon sawu ne zai biya. Takalmi mai gajerun haƙora na roba masu yawa ake so, da safa biyu ko filasta a diddige saboda bororo. In ba a jiƙa filin ba ƙwallo tana tsayawa a ƙasa, in an jiƙa tana sulɓewa, saboda haka lallai su taka shi kafin wasa ko na rabin awa ne.

Tafiya kuma ranar Talata ya kamata a yi ta, a kwana can. Ɗan wasan da ya yi awa uku a dunƙule a bas da safe, ya sauka ya yi gudun farko da ƙarfi, naman bayan cinya ne yake fara tsinkewa, kuma wannan ba ciwon kwana uku ba ne, makonni yake ci. Abinci mai nauyi a ci shi wajen sha biyu zuwa sha biyu da rabi, shinkafa ko taliya, ba mai da yawa ba, ba yaji. Ruwa tun daren Talata ake fara shi, ba a bakin fili ba. Bayan wasa ruwan gishiri da sukari da abinci cikin awa ɗaya. Alhamis ba atisaye mai nauyi, miƙe jiki kawai. In aka yi haka mutum zai iya buga Laraba da Lahadi. In aka taso ranar wasa aka juyo cikin dare, ko wa aka sa an yi asararsa.

Ɗan Rigasa:
Hajiya ta gama magana. Wa zai biya masaukin daren Talata? Na ji an ce ko alawus ɗin wasannin baya ba a gama biya ba.

Sarkin Ganga:
Wa ya ce? Kawo wanda ya ce. Ni kuma an tabbatar min akwai bonas na musamman in aka fitar da su. Kuma ka daina cewa "yaran benci". Mai lamba sha huɗu ɗan unguwarmu ne, Badarawa, ya fi lamba taranku gudu da ƙwazo, son kai ne kawai ya ajiye shi a benci. Ba yaro ba ne, magidanci ne.

Ɗan Rigasa:
Kai ma wa ya tabbatar maka? Lamba sha huɗu gudu gare shi, amma sau nawa ake kama shi da satar gida a wasa ɗaya? Ba ya duba layi, kafin a saki ƙwallo ya riga ya tafi.

Sarkin Ganga:
Saboda 'yan tsakiya suna jinkirin saki ne. Su taɓa sau uku kafin su ɗaga kai. Laifinsu za ka ɗora masa don ba ɗan Rigasa ba ne.

Koci Mai Usur:
Duk biyun akwai. Shi ya lanƙwasa gudunsa, ya fara bin layi a kwance kafin ya yanka ciki. Su kuma su saki a taɓawa ta biyu.

Abban Kawo:
Ɗan Rigasa, ga amsar maganarka ta asali ma. Kofin nan bai san rukuni ba. Bayelsa United tana rukuni na biyu ta ci shi a 2021, ta doke Nasarawa United a fenariti. El-Kanemi Warriors tana rukuni na biyu ta ci shi a 2024, ta doke Abia Warriors 2-0 a Legas, kuma a shekarar ta hau firimiya. A 2025 Abakaliki FC ta kai wasan ƙarshe, sai a fenariti Kwara United ta iya da ita. Wanda ya ci kuma Afirka zai tafi.

Ɗan Rigasa:
El-Kanemi saman teburi take lokacin, tana neman hawa. Mu neman tsira muke. Ka kawo min wadda take ƙasan teburi ta bi kofi kuma ta tsira.

Baba na Unguwar Shanu:
Har yanzu bai janye kalmar ba. Shugaba, a sa shi ya janye.

Ɗan Rigasa:
Baba, ba zan janye ba. Teburi ne ya faɗa, ba ni ba.

Bakanon Kakuri:
Ka tsaya a kan bakanka, ɗan'uwa.

Sarkin Ganga:
Ka ga wanda ke goya maka baya, ka san inda ka tsaya.

Shugaban Zaure:
To jama'a, ya isa haka, lokacin sallah ya yi. Ga abin da aka tsayar kamar yadda na fahimta. Mafi yawan masu magana sun yarda kalmar "ƙarama" ba ta dace ba, kuma Baba ya kafa hujja da tarihin da ba wanda ya iya rushewa, musamman 1988 da 1989. Abban Kawo ya ƙara da misalan ƙungiyoyin rukuni na biyu da suka ci kofin, wanda ya nuna Laraba tamu ce in mun so. Koci ya nuna yadda za a yi nasara da manyan 'yan wasanmu, Maman Walid kuma ta tabbatar mutum zai iya buga wasa biyun. Saboda haka matsayar zaure ita ce a fito da cikakkiyar ƙungiya ranar Laraba. Maganar alawus jita-jita ce, kada a sake kawo ta. Baƙonmu na Kakuri muna girmama shi, amma zauren nan na 'yan gida ne, maganar Pillars a kai ta inda ake yin ta. Ɗan Rigasa ƙanenmu ne, kishi ne ya sa shi, muna jiran ya gyara kalmarsa.

Masu tafiya Abuja, bas za ta tashi daga ƙofar filin Ahmadu Bello ƙarfe bakwai na safiyar Laraba, ba za a jira kowa ba. Masu bin jirgin ƙasa daga Rigasa su sayi tikiti tun Talata, su kuma tanadi motar dawowa, don wasan da ya kai fenariti sai wajen magariba zai tashi. Sarkin Ganga, ganguna da kakaki suna wuyanka. Kowa ya riƙo ruwansa da hula.