Na sa -flto, linka ya ce bai ga fankishin ɗina ba

Habu_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa agogon lokutan salla, irin allon nan mai jan rubutu da ake ratayawa kusa da mihrabi, wa wani ƙaramin masallaci a unguwarmu nan Jidda. Na yi amfani da ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura STM32F103C8, mai filash (ma'ajiyar da shirin ke zama) na 64KB kacal. Lissafin Ummul Ƙura nake bi, asuba a digiri 18.5, isha kuma minti 90 bayan magariba, 120 a Ramadan. Da na ƙara kwanan Hijira da rubutun Larabci, sai filash ya cika har ya tumbatsa.

Wani ya ce in gwada -flto, zaɓin GCC (mai juya kodi zuwa umarnin na'ura) da ke kunna LTO, wato tace shirin gaba ɗaya a lokacin haɗawa, ko girmansa zai ragu. Na sa a CFLAGS. Fayilolin .c duk sun wuce lafiya, amma wajen haɗa laburarena libsalla.a sai ar, mai tara fayilolin .o ya mayar da su laburare, ya ce "plugin needed to handle lto object", daga nan kuma linka, mai haɗa komai ya zama shiri ɗaya, ya ce "undefined reference" ga kowane fankishin da ke cikinta. Ga su nan ina kallonsu da idona a cikin fayil. Arm-none-eabi-gcc nake amfani da shi a Ubuntu, da Makefile na hannu. Limamin yana so a rataya kafin Juma'a.

Injiniya_Sani_Riyad:
Wa alaikumus salam Habu. Fankishin ɗinka ba su ɓace ba, ar ne bai iya karanta su ba.

Idan ka sa -flto, GCC ba ya zuba umarnin na'ura a cikin fayil .o kamar da. Abin da yake zubawa shi ne GIMPLE, wato shirin a tsakiyar hanya, a wasu sassa masu suna .gnu.lto_. Tun GCC 4.9 ma haka kawai yake bari, babu umarnin na'ura ko kaɗan. To ar aikinsa ya leƙa kowane .o ya rubuta jerin sunayen da ke ciki, da wannan jerin linka ke nema. Ya leƙa bai gane komai ba, ya rubuta jeri fanko.

Mai fassara masa shi ne fulogin liblto_plugin.so, ƙarin da ke sa ar da linka su gane GIMPLE. A Makefile ɗinka canza AR zuwa arm-none-eabi-gcc-ar, RANLIB zuwa arm-none-eabi-gcc-ranlib. Waɗannan ba komai suke yi ba illa su kira ar da ranlib na ainihi su miƙa musu fulogin ɗin. Ka yi make clean tukuna, kada tsohuwar laburaren ta zauna.

Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa: -flto da -Os su kasance a layin haɗawa na ƙarshe ma, kuma ka haɗa ta gcc, kada ka kira ld kai tsaye. A wannan matakin ne ake ainihin aikin. Linka yana loda fulogin, fulogin ya karɓi fayilolin GIMPLE, linka ya faɗa masa wane suna ake buƙata daga waje, wane ne ba mai kiransa sai na cikin gida. Da wannan bayanin GCC ke samun damar zubar da abin da ba a amfani da shi, ya kuma narkar da ƙananan fankishin cikin masu kiransu ko da a fayil daban suke. Ƙara -v ka duba layin collect2, za ka ga -plugin da hanyar liblto_plugin.so. In babu, ka dawo mana.

ɗalibin_Madina:
Yaya Sani, ba zai fi sauƙi ya sa -ffat-lto-objects ba? Ni da shi matsalar ta tafi ban taɓa ar ba.

Injiniya_Sani_Riyad:
Zai wuce, ƙanena, domin fayil ɗin zai ɗauki GIMPLE da umarnin na'ura gaba ɗaya, ar ya ga abin da ya sani. Amma kowane fayil sai an sarrafa shi sau biyu, kuma ranar da fulogin ya ƙi aiki ba wanda zai gaya maka, shirin zai haɗu shiru babu LTO. Mai rarraba laburare ga mutane daban-daban shi ke da uzuri. Habu gyaran layi biyu ne a gabansa.

Hajiya_Firmware:
Malam Habu, abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma kada ka sa rai da yawa. Ina zargin ba kodinka ne ya cinye filash ba. Cortex-M3 da ke cikin STM32 ɗinka ba shi da sashen lissafin lamba mai ɗigo, kai kuwa kana kiran sin da cos da acos don kusurwar rana, duk daga newlib, laburaren C da ke zuwa da arm-none-eabi-gcc, suke zuwa, an riga an sarrafa su, LTO ba ya shiga cikinsu. In kuma kana da printf mai %f, wannan kaɗai babban kaya ne. Sa --specs=nano.specs, da -ffunction-sections, -fdata-sections da -Wl,--gc-sections, sannan ka buɗe fayil .map ka ga waye ya fi ƙiba.

Kuma ka gwada allon sosai kafin ka rataya. Duk wani variable, wato ma'ajin ƙima, da intarof na agogo (kodin da ke katse shirin duk bugun agogo) ke taɓawa, in ba ka sa masa volatile ba, alamar cewa ƙimarsa na iya canzawa daga waje, da can rabuwar fayiloli ce ke rufa maka asiri. Yanzu GCC yana ganin komai a lokaci guda, zai iya ɗauka ƙimar ba ta canzawa, agogo ya tsaya cak a wuri ɗaya. Fankishin da kodin asambali kaɗai ke kira kuma ka sa masa __attribute__((used)), kada GCC ya zubar da shi.

Habu_Jidda:
Allah ya saka da alheri. Da gcc-ar ya haɗu, kuma ya shiga filash, da ɗan sarari. Hajiya, .map ya nuna printf ne kan gaba, zan rubuta ƙaramin fankishin na buga awa da minti in cire shi. Sai dai yanzu ina ganin gargaɗin lto-wrapper, wai "using serial compilation".

Injiniya_Sani_Riyad:
Wannan ba laifi ba ne, cewa yake yana aikin kashi-kashi ɗaya bayan ɗaya. Mayar da shi -flto=auto, in GCC ɗinka 10 ne ko sama. Ka kuma bar allon a kunne ya kwana, ka ga ko kwanan Hijira ya juya daidai.